Wanda Zai Sa Kafaɗa

Daga ƙauye, watan Safar

Zuwa ga jikata Gulnar, 'yar Asadullah,

Ina miƙo miki gaisuwa mai tsawon hanyar da ke tsakanin dutsen nan namu da bakin tekun da kike zaune. Ina fata zafin Bandar Abbas bai gasa ki ba. Ni dai ina nan. Gwiwa ta ƙi, kunne ya ƙi, ido da hannun dama ne kaɗai suka rage suna yi mini biyayya. Wayar da kika aiko tana kan taga. In ta yi ƙara, maƙwabciyata Bibi Sakina ce ke ji daga gidanta ta zo ta gaya mini, kafin in lallaɓa in kai kuwa ta yi shiru. Saboda haka na koma ga alƙalami, shi ba ya gaggawa.

Rumman ya yi kyau bana, har rassa suna taɓa ƙasa. Ban iya hawa ba, na ba Kambar mahauci ya tsinke muka raba.

Ga abin da ke cina. Ashura ta wuce, kuma ban ɗauki nakhal ba. Kin san ta, tun kina ƙarama kike hawa soro cikin mata kina kallon yadda ake lulluɓe ta da baƙi, a jera mata madubai, maza su shiga ƙarƙashi su ɗaga makarar Imam Husaini mai tsayin gida biyu su zaga fili da ita. Kowane gida da gurbinsa. Namu yana bakin sandar gaba ta hagu, inda nauyi ke taruwa in za a sha kwana. Kakana ya tsaya a nan, da ubana, da yayana wanda ya haifi ubanki, da shi ubankin kafin hatsarin mota ya ɗauke shi. Ni ma tun ina saurayi nake karɓar su a wurin, daga nan sai ni kaɗai. Bana na je, har na yi ɗamara. Mashdi Yadullah, baban nakhal, wanda ke tsara masu ɗauka, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na mutu a ƙarƙashinta ba shi da mutanen da za su ɗauki makara biyu a rana ɗaya. Aka yi dariya, ni ma na taya su. Aka sa Kambar ya tsaya aro a wurinmu.

Al'ada kuwa ba ta canza ba: aro na shekara ɗaya ne. In Ashura ta sake zagayowa babu namiji daga jinin gidan, gurbi ya zama na wanda ya tsaya, shi da 'ya'yansa har abada. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, ubanki kuwa ke kaɗai ya bari. Ba ƙara nake kawo miki ba, 'yar nan, ba laifin kowa ba ne. Kawai dai babu wanda ya rage a duniya da zan gaya wa ya gane abin da ake shirin rasawa.

Uwarki in na tambaye ta labarinki sai ta ce kina aiki, ta ja bakinta. An yi shekaru rabon da in gan ki. Aiko mini da hoto in jingina kusa da na ubanki.

Haza wassalam.
Kakanki, Zabihullah

*

Bandar Abbas, Rabi'ul Awwal

Kaka Zabi,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida gwiwa, ina gaida kunne ko da ba zai ji ba. Lafiyata ƙalau. Ka gaida mini Bibi Sakina.

Ka nemi hoto, ga shi a cikin ambulan. Kafin ka duba ka zauna, ka zuba shayi, ka sa ƙwayar sukari a baki.

Wannan mai ɗan gashin bakin da rigar aiki, ni ne. Sunana Mehran. Haka yake a takardar haihuwata yanzu, da hatimin kotu.

Ban san ta inda zan fara ba, don ni a wurina ba shi da farko. Ka tuna ranar da na aske kaina da almakashin tumaki, uwata ta yi kwana uku tana kuka? Ku kun ɗauka ƙiriniya ce. Ni kuwa tun lokacin na san an kira ni da sunan da ba nawa ba, na dai rasa wanda zan gaya wa. Da na zo nan na sami likita. Aka yi ta yi mini tambayoyi wata da watanni, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har na haddace tarihin kaina kamar karatun allo. Daga baya alƙali ya ba da izini. Aka fara yi mini allura. Muryata ta riƙa karyewa kamar ta ɗan zakara mai koyon cara, sannan ta zauna. Bara aka yi mini aikin ƙirji.

Ranar da na fara fita ba gyale, Kaka, iska ta taɓa mini ƙeya. Ban taɓa sanin cewa mutane suna yawo da iska a ƙeyarsu ba. Hannuna ya yi ta kaiwa goshi don ya gyara abin da babu. Na shiga bas, ƙafata ta kai ni bayan mota wajen mata don sabo. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da kunya? Ga wajen maza can." Na ba ta haƙuri, na sauka a tasha ta gaba, na zauna a bakin hanya ina kuka ina dariya. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi mini faɗa mai daɗin wannan ba.

Ba duka ne zuma ba. Yanzu in ina tafiya bayan mace a lungu sai ta ƙara sauri, ni da na san irin tsoron nan ciki da bai. Babu macen da za ta sake zama ta buɗe mini cikinta muna tsinke ganye. Maza kuma hirarsu ƙwallo ce da farashin mai, in ɗaya yana cikin damuwa sai a buga masa kafaɗa a ce ya share. Ina koyo. Ina aiki a shagon gyaran firji, maigidana bai san komai ba, yana dai cewa ni gajere ne mai taurin kai.

Uwata ta sani. Ita ta hana a gaya maka, ta ce zai kashe ka. Ta daina kiran tsohon suna, sabon kuma ya ƙi fita daga bakinta, sai dai ta ce "rabin raina".

Ba don maganar gurbi na rubuto wannan ba. Na gaji ne da karanta wasiƙar da aka aiko wa wata da ba ta nan. In ka ga ba za ka iya ba, ka gaya mini a fili.

Jikanka, Mehran

*

Bandar Abbas, Rajab

Kaka,

Gaisuwa da fatan kana lafiya.

Sanyi ya zo ya wuce, sabuwar shekararmu ta farkon bazara ta shigo, mai kawo wasiƙa har ya fara jin kunyar haɗa ido da ni. Na gane. Shiru ma magana ce. Ba zan ƙara damunka ba, kuma ba zan zo ƙauye in sa a nuna ka da baki ba. Roƙona ɗaya: kada ka yaga hoton. Ka ba Bibi Sakina ta mayar mini, shi kaɗai ne na yi kyau a ciki.

Mehran

*

Daga ƙauye, Sha'aban

Zuwa ga Mehran ɗan Asadullah,

Gaisuwa, sannan gaisuwa. Ka ga na rubuta sunan, kuma hannuna bai yi rawa ba fiye da yadda ya saba.

Kai ma da gaggawa, kamar wayarka. Ba shiru na yi ba, kwanciya na yi. Sanyi ya shiga mini ƙirji tun farkon hunturu, aka kwashe ni zuwa asibiti a Yazd, daga can aka ajiye ni gidan wani ɗan'uwan marigayiya matata har na iya miƙewa. Wasiƙunka biyu suna wajen Bibi Sakina, ta adana su cikin tukunyar shinkafa don kada ɓera ya ci. Da na dawo ta miƙo mini, na buɗe ta sama, ashe ita ce ta biyu. Na karanta wani Mehran yana yi mini fushi, yana neman hotonsa. Na ce wa Bibi Sakina wani bawan Allah ya yi ɓatan kai da kakansa. Sai na buɗe ɗayar.

Ban bi shawararka ba, ban zuba shayi ba. Hoton ya faɗo mini a cinya, na ɗauka, sai ga Asadullah yana kallona. Ba kama nake nufi ba. Shi ne, da yadda yake karkata kai in an ce ya tsaya a ɗauke shi. Na kai shi kusa da na ubanka a bango, na zauna tsakaninsu har rana ta bar tsakar gida.

Ba zan ce maka na gane ba. An koya mini karatu a gaban malami mai bulala, an gaya mini duniya kashi biyu ce, kuma na kai tsufa ban ga abin da ya ƙaryata ba. Amma ni ɗan ƙasar nan ne, na san ruwan da muke sha. Yana tasowa daga gindin dutse, ya bi rami a ƙarƙashin ƙasa cikin duhu, tafiyar yini guda, muna taka samansa da jakuna ba mu sani ba, sai ya ɓullo a bakin gona. Wanda ya ga ya ɓullo ba ya cewa yau aka halicce shi. Na yi ta tunanin yaron nan da ya zauna a gabana yana cin gurasa da cuku, da gyale a kansa, yana tafe cikin duhunsa shi kaɗai, ni kuwa ina yi masa ba'ar miji. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya san abin da ke cikin ƙiraza. Na yi zaton na gama ganin abin mamaki, saura in mutu kawai.

Da na sami ƙarfi na dogara sanda na je wajen malamin masallacinmu. Na tambaye shi kamar labarin wani ne. Ya ce in daina wahalar da kaina, uwarka ta riga ni zuwa tun bara. Ya ce manyan malamai sun yi magana a kai, in likitoci sun tabbatar alƙali ya yanke, to namiji ne, a sahun maza zai yi salla, maza ne za su yi masa wanka. Na ce, to nakhal fa? Ya ce wannan ba a littafi take ba, ta Mashdi Yadullah ce.

Saboda haka ga magana. Ashe gidan nan yana da namiji, ni ina nan ina kukan babu. Muharram na tafe. Ka nemi hutu, ka zo ka sa kafaɗa a wurin ubanka. Tun da wannan tunani ya zo mini abinci ya fara yi mini ɗanɗano.

Hoto kuwa ba zan mayar ba.

Haza wassalam.
Kakanka, Zabihullah

*

Bandar Abbas, bayan ƙaramar salla

Kaka Zabi,

Barka da salla, barka da tashi. Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini zargin da na yi maka, na ji kunya har ƙafata.

Na karanta rabin farko na wasiƙarka a tsaye, sai da na jingina da wani firji. Babu wanda ya taɓa yi mini magana irin wannan. Da na kai rabi na biyu kuwa jikina ya yi sanyi, shi ya sa azumi ya wuce ban amsa ba.

Bari in tambaye ka, kada ka ji haushi. Da a ce ubana ya bar ɗa namiji, ko da a ce gwiwarka tana da ƙarfi, da ka rubuta sunana hannunka bai yi rawa ba? Ni kake so ko kafaɗata? Na sha wuya kafin in fita daga abin da aka ce dole in zama don amfanin wasu. Ba na so in shiga wani.

Kuma ka yi tunanin filin nan. A nan Bandar Abbas ni Mehran ne kawai, gajere mai gyaran firji. A can babu wanda bai san ni da kitso ba. Kafin a ɗaga, Mashdi zai kira kowane gida, mai tsayawa ya faɗi sunansa da na ubansa da ƙarfi, gari duka yana ji. In na faɗa aka yi dariya fa? In Kambar ya ce Asadullah bai bar ɗa ba? Kai za ka zauna da abin a ƙauye, ni zan tafi da shi a ciki.

Nauyi ba ya ba ni tsoro, firji nake hawa da shi bene, likita ma ya ce ɗinkin ya warke sarai. Idanun mutane nake tsoro.

Mehran

*

Daga ƙauye, Zulƙida

Mehran,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, ina fita har bakin ƙofa in sha hantsi. Rumman ya fara ja.

Ka yi tambayar da ta hana ni sukuni, kuma tsoho ba ya yi wa jikansa ƙarya a takarda, don takarda tana daɗewa fiye da shi. Ina son gurbin nan. Ina son shi kamar yadda mai ƙishi ke son ruwa, kuma da na ga hanya ta buɗe na yi wawa na kama, ban tsaya na tambaye ka ba. Wannan gaskiya ne. Amma ka duba yadda abin ya zo: na zauna gaban hotonka rana guda cur ban tuna da nakhal ba. Sai a masallaci ta faɗo mini. Ban iya raba maka su da wuƙa ba, kamar yadda ba na iya gaya maka ko ubanka nake so ko kuwa yadda yake cika mini gida da hayaniya.

To ga abin da na yanke. Kada ka zo don gurbi. Bar wa Kambar, yana da 'ya'ya maza huɗu, kowanne kamar bijimi, nakhal ba za ta yi kewarmu ba. Ka zo bayan Safar, in gari ya watse, mu zauna ni da kai mu fasa rumman in gan ka da idona. Wannan nake roƙo, ɗayan na janye.

Abu ɗaya kawai za ka sani. Na daina ɓoyewa. Duk wanda ya shigo ya ga hoto ya tambaya, cewa nake jikana ne Mehran ɗan Asadullah, in bar shi ya yi lissafi da kansa. Wasu sun daina shigowa. Da ma shayina kawai suke sha. Bibi Sakina ta ɗauki hoton ta kai taga ta daɗe tana dubawa, ta ce ita da ta yi maka wanka kana jariri ba ta ga alama ba, amma kuma ba ta taɓa ganin yarinyar da ke hawa katanga irin haka ba. Ta mayar, ta goge gilashin da bakin mayafinta.

Haza wassalam.
Zabihullah

*

Bandar Abbas, tsakiyar Muharram

Kaka,

Na iso lafiya, bas bai lalace ba. Kafaɗata ta kumbura ta yi baƙi, maigidana ya tambaya na ce gado ne na ci. Yaya gajiyarka?

Ka tambaye ni a bakin ƙofa me ya kawo ni bayan ka ce kada in zo. Na ba ka amsa ba ka ji ba, ga gida cike da baƙi, ban iya ɗaga murya ba. Ga ta a rubuce: da ka janye ne na ga ashe ni ma ina so. Duk shekarun da na yi a kan soron nan ba makara nake kallo ba, bakin sandar hagu nake kallo, ina jin ƙaiƙayi a kafaɗa.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru, ka gani ko da ba ka ji ba. Mashdi ya kira gidan Zabihullah, na ce Mehran ɗan Asadullah. Kambar ya ce daga bayana, ba da ƙarfi ba, Asadullah dai kowa ya san abin da ya bari. Mashdi ya matso, ya dubi fuskata ya daɗe, sannan ya ce, "Ni ba alƙali ba ne, alƙali ya gama nasa. Ni katako na sani. Shiga. In kwanarka ta riƙe, shi ke nan. In ta faɗi, kowa ya gani."

A ƙarƙashi babu abin da ake gani, Kaka. Ba ka taɓa gaya mini ba. Duhu ne, da warin gumi da ruwan wardi, da numfashin mutane kamar na dabba ɗaya. Da aka buga kuge aka kira sunan Imam muka miƙe, sai na ji wani abu ya sauko mini daga kafaɗa har tafin ƙafa, na ce ƙashina ya gama. Sannan nakhal ta tashi. Dutse ya tashi, ni ina cikin masu tashinsa. Babu wanda ya dube ni, babu wanda yake da idon duba wani. Ban taɓa ɓacewa cikin mutane haka ba, kuma ban taɓa jin ina nan kamar lokacin ba.

Amma a zagaye na biyu, wajen kwanar masallaci, gwiwata ta lanƙwashe. Na ji sandar ta biyo ni ƙasa, na ji ihun mata daga sama. Wani ya damƙi ɗamarata ta baya ya ɗaga ni kamar ɗan akuya, ya riƙe har muka miƙe hanya. Ban ga ko wane ne ba. Na ƙarasa da ƙafata, amma kwanata ta sunkuya, kowa ya gani. Na bar gari da sassafe ban ji hukunci ba. Ina jin na zubar maka da gurbi a gaban jama'a, wanda da ka bar shi ya tafi cikin mutunci. Ka gaya mini gaskiya.

Wani abu kuma. Da yamma na shiga gaida Bibi Sakina, na nufe ta zan rungume ta kamar da. Ta ja baya, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Sannu da aiki, Malam Mehran. Zauna daga nan, a kawo maka shayi." Na zauna a bakin ƙofa inda baƙi maza ke zama. Hannun da ya yi mini kitso ne ya ajiye mini tire a ƙasa don kada ya taɓa nawa. Har yanzu ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Jikanka, Mehran

*

Daga ƙauye, ƙarshen Muharram

Zuwa ga Mehran,

Gaisuwa mai yawa. Ka shafa man zaitun mai ɗumi a kafaɗar, kada ka bari a matsa ta. Baƙin zai koma kore, sannan rawaya, sannan ya bar wani ƙulli da ba ya tafiya. Nawa yana nan, da shi za a binne ni.

Kai ka ba ni labarin ƙasa, bari in ba ka na sama. Ka san 'ya'yan Kambar ne suka ɗauke ni kamar buhun alkama suka ɗora ni kan soron Bibi Sakina, cikin mata, don a fili za a tattake ni. Shekara sittin da wani abu ina ɗaukar nakhal, Mehran, ashe ban taɓa ganinta ba. Ƙeyar na gabana kawai na sani. Da ta tashi, madubai suka kama rana, baƙin mayafinta ya cika da iska, ta taho kan mutane kamar jirgi a kan ruwa, ba ka ganin ƙafar kowa. Na riƙe bakin soro na ce ashe wannan ne abin da muke yi. A wurin da ka tsaya kana yaro na tsaya, kai kuma kana nawa wurin. Na rasa abin da zan ce wa Ubangiji sai kuka, matan suka ɗauka na Imam ne kawai, na bar su.

Ba su yi shiru ba, ka san su. Bibi Sakina tana ihu a kunnena tana fassara mini. Wata ta ce ƙarshen duniya ya zo. Wata ta ce ƙarshen duniya ko ba ƙarshenta ba, tafiyar Asadullah ce sak. Da kwanar ta sunkuya kuwa duk suka manta gardama, har mai ƙarshen duniyar tana kiran sunanka, sabon, tana cewa ka tashi.

Wanda ya kama ɗamararka Kambar ne. Na gan shi da idona. Yana tsaye a bayanka tun farko, yana jiran ka faɗi ya shige. Da lokacin ya zo sai hannunsa ya yi abin da aka koya masa, don duk sabon shiga ana riƙe masa ɗamara a kwanar nan, wanda ke baya ne ke yi. Na aika aka kira shi in yi masa godiya. Ya ƙi zama, ya ce kada in ɗauka don mu ya yi, in sandar ta faɗi shi ne a ƙasa. Ya ce kuma in gaya maka ka riƙa cin nama, ba ka da nauyi ko na cinyar rago. Har yanzu yana gunaguni a kasuwa, kada ka zaci ya zama abokinka.

Hukunci ba a yin sa sai an tuɓe wa nakhal kayanta an mayar da ita rumfa. A nan aka yi magana, ban je ba, malam ne ya ba ni labari. Wasu sun ce kwanarka ta faɗi. Mashdi ya ce sunkuyawa daban, faɗuwa daban, kuma in za a kori duk wanda kwanar masallaci ta durƙusar a shekararsa ta farko, shi da kansa zai fara fita, Kambar ya bi shi. Ba kowa ne ya gamsu ba. Mutum biyu sun tashi sun fita.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida sai ga Mashdi Yadullah da kansa. Ka san in an gama yakan bi gida gida ya mayar da gammon kafaɗa, kowane gurbi da nasa, a ajiye a gidan mai shi har baɗi. Namu ya kwana shekara a gidan Kambar. Mashdi ya shigo da shi a hammata, ya tsaya ya yi sallama, ya sa baki a kunnena ya ce ina maigidan.

Na gyara zama, na ce ga ni.

Ya ce, "Ba kai ba, tsoho. Mai kafaɗar."

Na ce ya koma bakin aikinsa. Ya ce to in karɓa in ajiye masa amana, kada in bari asu ya ci, kuma in rubuta in gaya masa baɗi ya zo da wuri, akwai ɗaurin sanduna, ba a zuwa a tarar da abu a shirye kamar baƙo.

Na karɓa da hannu biyu. Tun rasuwar yayana ake kirana maigida a gidan nan, yau an sauke ni a tsakar gidana, ko shayi mutumin bai tsaya ya sha ba. Na rataye gammon a ƙusar ɗakin ubanka, na sa an share ɗakin. In ka zo ka duba rufin, yana yoyo ta gabas. Ni yanzu ɗan zaman gida ne, ba ruwana.

Haza wassalam.
Baƙonka, Zabihullah